Filibus da Baiti na Uku

An yi wani mutum a wani ƙauye, tun ba a haifi iyayenku ba. Sunansa Filibus. Ku saurara da kyau, na tsufa da maimaita magana.

Manomi ne. Ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma Allah ya ba shi kai, ya ba shi murya. Waƙa in ya ji ta sau biyu, ta zauna. A wancan zamanin, littafin waƙa ɗaya tak ke cikin majami'ar ƙauyen, yana hannun Malam Nuhu mai bishara, jama'a kuwa ba su iya karatu ba. Sai Filibus ya tsaya a gaba ya ba da layi, jama'a su amsa. Ya ba da na biye, su amsa. Abin da ya bayar shi ake rerawa. In ya yi shiru, majami'a ta yi shiru. Shekara goma sha biyu yana wannan aiki.

Wata kaka, maƙwabcin gonarsa, Jatau, wanda shi ma ɗan ikilisiya ne, ya cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Iska ta juya. Dawar da Filibus ya yanke ya tara a gona ta ƙone ƙurmus. Mutum uku sun ga Jatau da wutar. Da aka kira shi gaban dattawa sai ya ce ba shi ba ne. Daga ranar bai sake taka majami'a ba.

Gidan Filibus sun sha wuya shekarar nan. Rama da dusa suka ci. Matan zumuntar majami'a kan kawo ƙwaryar hatsi, ya karɓa da hannu biyu ya gode. Bai zagi kowa ba. Bai kai ƙara ba. Amma abin ya ƙulle masa a zuci.

To, akwai waƙar da suke rufe sujada da ita kowace Lahadi, mai baiti huɗu. Na ukun yana cewa:

Na sauke fushina a gabanka,
Na yafe wa wanda ya cuce ni,
Ba ƙulli a raina, ya Ubangiji.

Tun Lahadin da ta biyo bayan gobarar, Filibus kan ba da na ɗaya, ya ba da na biyu, ya tsallake zuwa na huɗu. Malam Nuhu ya yi ta haƙuri har farkon damina, sannan ya kira shi gaban dattawa.

"Ɗan'uwa, mantuwa ce ta kama ka?"

"Ban manta ba, Malam."

"To ina baiti na uku?"

"Yana nan. Ni ne ban kai ba."

Wani dattijo ya yi dariya. "Haba Filibus! Waƙa ce fa. Buɗe baki ka rera. Wa zai tsaga ƙirjinka ya duba?"

"Wanda nake rera wa, Baba. In na faɗa maka ƙarya kunya ce. Shi kuma in tsaya a ɗakinsa in yi masa ƙarya da daɗin murya?"

Malam Nuhu ya ce, "Gaskiyarka. Amma ba za ka hana jama'a baitinsu don ciwonka ba. Mun ba ka zuwa ranar godiya ta kaka. Ko ka ba da waƙar cikakkiya, ko wani ya tsaya a wurinka."

Filibus ya ce ya ji, ya gode.

Ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi. Washegari da sassafe ya saɓa fartanya ya kama hanyar gidan Jatau, yana rera baiti na ɗaya da na biyu. Ya kai rijiyar da ke kan hanya, ƙafa ta ƙi. Ya juya ya tafi gonarsa. Kashegari ya sake. Kwana tara bai wuce rijiyar nan ba.

Matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, kullum sai ka je ka gai da rijiya ka dawo? Da ka tafi da tulu, da tafiyar ta yi amfani."

Ya ce, "Yau na wuce ta da taku ashirin. Taya ni godiya."

Haka yake. Kowace rana ya gode wa Allah don ɗan abin da ya ƙaru. Ya kai tsamiya, ya gode. Ya kai turken awakin Jatau, ya gode. Wata rana ya koma baya har rijiya, don ya tuna kukan yunwar 'ya'yansa. Ranar ma ya gode da bai zauna a gida ba.

Sai tsakiyar damina ya isa ƙofar gidan. Ya tarar da Jatau kwance a tabarma, kurkunu ya kama masa ƙafa biyu, gonarsa ciyawa ta cinye. Suka dubi juna. Ba wanda ya yi sallama. Filibus ya zagaya ya shiga gonar ya fara noma.

Kwana shida yana nome ta. Rana ta bakwai Jatau ya ja jiki da sanda har bakin kunya.

"Filibus. Ni na sa wutar."

"Na sani."

"Ka yafe mini?"

Da wani ne, da ya ce i a wuce wurin. Filibus ya jingina da fartanya ya ce, "Hannuna ya yafe. Zuciyata tana tafe. Koma ka kwanta, ƙafar nan ba ta son raɓa."

Kaka ta zo. Ranar godiya majami'a ta cika, an tara dawa da gero da kabewa a gaban bagade. Kafin a fara Malam Nuhu ya ja shi gefe.

"Yaya, ɗan'uwa?"

"Na kusa, Malam. Amma kusa ba isa ba ne."

"Ka san abin da muka yanke."

"Na sani. Ku ba Barnaba, muryarsa ta fi tawa ƙuruciya."

Aka ba Barnaba, wani saurayi cikin jama'ar. Filibus ya koma bencin baya. Bai yi gunaguni ba, bai fasa zuwa sujada ba. Bai kuma fasa zuwa gidan Jatau ba, ko da yake yanzu ba matsayin da zai samu. Kullum yana can, ya wanke masa miki, su zauna. Har ya lallashe shi ya dawo majami'a.

Wata Lahadi cikin bazara, ba Kirsimeti ba, ba Ista ba, Lahadi ce kamar kowace, Barnaba ya ba da layin farko na baiti na uku. Sai aka ji murya daga baya ta fi ta kowa. Jama'a suka waiwaya. Filibus ne, hawaye na zuba, Jatau na gefensa ya rufe fuska da hula. Ba a mayar masa da matsayinsa ba. Bai nema ba. Har ya mutu yana cewa shekarar nan ce Allah ya fi yi masa alheri.

To ku. Yau kowa da littafinsa a hannu, ga ganga, ga lasifika. Baiti nawa kuka rera da safen nan? Nawa ne gaskiya a bakinku? Na ga masu ɗaga hannu sama waɗanda ba su gaisa da 'yan'uwansu ba tun rabon gona. Na gan ku. Idona bai mutu ba.

Darasin ke nan: kada ka rera wa Allah abin da ba ka nufi ba. Kada kuma ka yi shiru ka zauna kana taƙama da gaskiyarka. Tashi ka kama hanya. Bangaskiya ba tsalle ba ce, tafiya ce, kullum da safe. Ubangiji yana da haƙurin jiran mai tafiya a hankali, don wannan kuwa mu gode masa, da ni da ku duka.

Kowannenku ya san baitinsa, ya kuma san gidan. Gobe Litinin. Ko rijiya ce, ku kai.