Ranar da Aka Raba Ƙishirwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku daina tsokanar juna.

Ta zo mu ji ta, Inna, mun yi tsit!

To. A wata ƙasa ta namun daji, Ɓauna da Gadu suka shekara bakwai suna yaƙi a kan sarauta. Gadu kun san shi, mugun dawa mai haure. Suka tattake gonaki, suka tattake tafki har ya ƙafe. Rijiya ɗaya tak ta rage, mai zurfin gaba goma sha biyu.

Sai Shamuwa ta zo daga nesa ta yi musu sulhu. Ta ce, "Ku yi mulki tare. Komai a raba daidai." Ta sa suka rantse, ta kaɗa fukafukanta, ta koma inda ta fito. Aka kwana uku ana kiɗa da guɗa.

Ba wanda ya kai Kwaɗo murna. A lokacin idanunsa ƙanana ne, a cikin kai suke kamar na kowa. Da tafki ya ƙafe, ya kwashe 'ya'yansa tara, 'yan talibambam, ya zuba su a kasko da ɗan ruwan da ya rage. Kullum rana tana shanye ruwan. Ya ce musu, "Ku yi haƙuri, an yi sulhu. Gobe zan cika muku kaskon nan."

Da safe ya ɗauki tulu ya je rijiya. Ya tarar da jama'a a tsaye, sarakunan biyu sun riƙe guga ana ja-in-ja.

Ɓauna ya ce, "Jama'ata za su fara ɗiba."

Gadu ya ce, "A kan me? Tawa dai."

Kwaɗo ya durƙusa ya ce, "Ranku ya daɗe, ai sai a yi karɓa-karɓa."

Gadu ya ce, "Kai, Shamuwa ta ce karɓa-karɓa? Cewa ta yi a raba."

Aka kawo wuƙa, ƙyat! Aka tsaga guga biyu, kowa ya saɓa rabinsa. Kwaɗo ya riƙe baki. Idanunsa suka ɗan leƙo waje don mamaki. Ya koma gida da tulu ba ko ɗigo, ya tarar biyu cikin 'ya'yansa sun daina motsi.

Kashegari ya zo da 'yar ƙwaryarsa, ya ce a ɗaura mata igiya.

Ɓauna ya ce, "Igiyar wa?"

Gadu ya ce, "Af! Ashe ba a raba ta ba!"

Kwaɗo ya ce, "Ranku ya daɗe, don Allah kada..."

Ƙyat! An yanke. Kowa gaba shida. Wannan ya zura tasa, tana lilo a rabin hanya. Wancan ya zura tasa, ita ma haka. Ga ruwa can ƙasa yana ƙyalli, kowa na kallonsa. Kuma kun san abin da suka yi? Ɓauna ya naɗa Sarkin Igiya, Gadu ma ya naɗa nasa, har da rawani da bushe-bushe. Kwaɗo ya ce, "Na shiga uku!" Idanunsa suka ƙara fitowa. Ya koma gida, biyu kuma sun tafi.

Rana ta uku ya ce ai sarakunan nan ba su gani ba ne, in suka gani za su ji tausayi. Wayyo Kwaɗo, bawan Allah! Ya ɗora kaskon a ka, ya nufi fada, jama'a na biye da shi da busassun leɓɓa. Ya tarar kowane sarki da randarsa ta ruwan sanyi a gefe, wanda raƙuma suke ɗebo musu daga wani kogi mai nisa. Ya ajiye kaskon ya ce, "Ranku ya daɗe, ku duba. Su tara ne, saura biyar."

Ɓauna ya leƙa ya ce, "Wannan ruwa nake gani?"

Gadu ya leƙa ya ce, "Ruwa ne! Kuma ba a raba ba!"

Suka haɗa baki, karo na farko tun da aka haife su, suka ce, "A fasa kaskon, a raba daidai!"

Biri dogari ya ɗaga taɓarya. Nan ne idanun Kwaɗo suka fito gaba ɗaya, tulu-tulu, har bisa kai. Ya faɗa kan kaskon ya rungume shi, ya yi ƙara: "Tsaya! Akwai abin da ya fi wannan girma, ba a raba shi ba!"

Sarakunan suka miƙe tsaye. "Mene ne? Ina yake? Wa ya ɓoye?"

Kwaɗo ya ce, "Ƙishirwa, ranku ya daɗe. Mu muka cinye ta mu kaɗai, ko kaɗan ba mu ba ku ba. Kuma kun rantse komai a raba daidai."

Sai Beguwa badukiya, wadda ke ɓangaren Ɓauna, ta ce, "Gaskiya ne, mun cuce su!" Kurege na ɓangaren Gadu ya ce, "A ba su rabonsu!" Jama'a suka ɗauka baki ɗaya. Aka ɗauko randunan nan biyu, kowa ya sami kurɓi ɗaya, har sarakunan, aka zuba ludayi guda a kaskon Kwaɗo. Raƙuma kuma suka durƙushe suka ce sun gaji.

Kafin azahar ta kashegari harshen Ɓauna ya yi waje. Ya dubi Gadu ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, ina rabin igiyarka?" Gadu ya miƙa masa.

Kurege ya ƙulla igiya. Beguwa ta zare ƙayarta ta ɗinke guga. Aka zura, aka jawo. Gugan na yoyo ta wajen ɗinki, rabin ruwan ne yake isowa sama. Amma yana isowa. Kwaɗo ya cika kasko har baki. Biyar ɗin nan suka rayu, suka yi ƙafafu, damina ta zo suka koma tafki. Huɗun kuwa sulhu bai dawo masa da su ba.

Shi ya sa har yau idanun kwaɗo suke waje, abin da ya gani bai bar su sun koma ba. In kun kasa kunne da damina za ku ji shi yana tambaya, "Raba? Raba?" Ku kuma in aka ba ku abu ku biyu, ku sha tare, kada ku tsaga shi.

Ƙurunƙus, kan ɗan talibambam.