Ajiyar Hankaka da Karen Mayanka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Hankaka da matarsa suna da 'ya'ya uku a kan rimin bayan mayanka. Kullum mijin yakan tsinto guntayen nama ya ba yara, ya binne saura a ƙasa saboda wata rana. Ashe Kare na kwance yana kallonsa da ido ɗaya. Da ya tashi sama, sai Kare ya tone ya lamushe.

Ran nan mahauta ba su yi yanka ba. Hankaka ya je ɗauko ajiya, ya tarar da ramuka wayam. Yara suka wuni baki buɗe suna kuka.

Matar ta ce, "Maigida, in kana binnewa, kana duba wanda ke dubanka?"

Ya ce, "Wallahi ramin kawai nake dubawa."

Ta ce, "To, gobe ni za ka ba naman."

Kashegari ta ɓoye naman a kogon rimi. Shi kuwa ya sauka bakin gidan kwarkwasa ba komai a bakinsa, ya yi ta tono, ya rufe da ganye, ya tashi. Kare ya rugo ya cusa kai. Kwarkwasa suka cika masa hanci da kunne, ya yi ta birgima yana ihu.

Ya zo gindin rimi fuska a kumbure, ya ce, "Hankaka, ka cuce ni! Babu nama a ramin nan!"

Hankaka na ɗura wa autansa loma, ya leƙo ya ce, "Ashe kai ne ke duba mini ajiya? Sannu da aiki. Daga yau na sallame ka."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan tawa ta tsaya.