Ɗigon da Ya Hau Kan Fa

Ɗigon tawada guda ɗaya ne ya rufe wani babban shago a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, ya kai mai shagon gidan yari, ya kuma wanke wani mamaci daga ƙazafi. Abin ya faru ne wata Asabar da hantsi, cikin watan Maris na bara, a gaban mutum kusan talatin. Wadda ta ga ɗigon tsohuwar malamar firamare ce, ba ta taɓa sayen sa hannun kowa ba a rayuwarta.

Ya 'yan uwa, ga yadda aka yi.

An yi wani mutum, ɗan arewacin Najeriya, da ya zo Masar karatun addini shekara ashirin da shida da suka wuce. Ba za mu faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya. Allah ya ba shi baiwar rubutu. Tun yana makarantar allo a gida malaminsa ke nuna wa sauran ɗalibai allonsa. Da ya zo Masar, cikin wata shida hannunsa ya kama rubutun Misirawa, har su kansu ba sa bambance nasa da nasu.

A shekara ta uku ya bar karatu. Ya koma wajen masu sayar da tsofaffin littattafai kusa da kasuwar Ataba yana taya su ciniki. A can ya gano akwai mutanen da ke tara sa hannun tsofaffin 'yan ƙwallo da 'yan dambe da shugabannin ƙasashen da suka shuɗe, a jikin hotuna da wasiƙu da katin gayyata. Sana'a ce ta halal idan kayan na gaske ne. Shekara bakwai ya yi yana yin ta da gaskiya, ya yi aure a cikinta, ya kama gida a unguwar Abbasiya.

Rannan wani hoto ya faɗo hannunsa, na wata ƙungiyar ƙwallo ta shekarun hamsin. 'Yan wasa goma sun sa hannu, na mai tsaron gida ne kawai babu. Mai saye ya ce da sun cika sha ɗaya da ya ɗauka. Mutumin nan ya koma gida ya zauna da hoton. Ya ce wa kansa ai mai tsaron gidan yana cikin hoton, da an miƙa masa alƙalami ranar da ya sa. Sai ya cika masa.

Wa ya gani? Babu. Wa ya yi ƙorafi? Babu. A nan ne halakarsa ta fara, ranar da ya yi ya tsira.

Daga nan ya mayar da abin aiki. Yakan yanki fararen shafuka daga bayan tsofaffin littattafai, ya haɗa tawada irin ta da, ya shafa ruwan shayi, ya shanya a saman bene. Ya kuma san wata ƙa'ida da masu wannan harka suka sani: sa hannun da aka yi a hankali rawa yake yi, gwani yana gani zai gane. Dole a ja shi da sauri, cikin numfashi ɗaya, kamar yadda mai shi yake yi. Sai ya yi ta maimaita suna sau ɗari kafin ya ɗora a takarda.

Ya buɗe shago a Wustul Balad, da gilashi da fitilu. Jami'an ofisoshin jakadanci suna zuwa, attajiran Larabawa suna zuwa. Duk wanda ya saya sai ya rubuta masa takardar shaida da hannunsa cewa kayan na gaske ne, ya ɗora da rantsuwa da sunan Allah.

Akwai wani dattijo a Abbasiya, Malam Zainulabideen, mai karantar da ɗaliban Hausawa, wanda ya san shi tun zuwansa. Ya leƙa shagon sau ɗaya, ya ga wasiƙu biyu na wani tsohon shugaba, masu kwanan wata iri ɗaya, ɗaya daga wannan birni ɗaya daga wancan. Ya ja shi gefe ya yi masa nasiha. Mutumin ya yi dariya.

"Khalas, shi ke nan, Malam. Mamaci ba ya shigar da ƙara."

"Yana shigarwa," in ji dattijon. "Kotun ce ba wadda ka sani ba."

Mutumin bai ji ba. Ya ma lura da wani abu: sa hannu kaɗai yana da masu so, amma sa hannu a ƙarƙashin abin kunya ya fi masu so. Nan ya tuna da Rufa'i Guduma.

Rufa'i ɗan damben zamani ne daga arewa. A shekarun sittin ya zo wata gasa a Alƙahira, ya kai wasan ƙarshe, ya faɗi a zagaye na uku, ya koma gida da lambar azurfa da karyayyen wuyan hannu. Bai yi boko ba, da ajami yake rubutu. Ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A lokacin da muke magana, mutanen garinsu sun gama gina zauren dambe, sun yanke shawarar sa masa sunansa.

Mutumin nan ya zauna ya rubuta wasiƙa da ajami, da bakin Rufa'i, zuwa ga wani aboki. A ciki Rufa'i yana cewa da gangan ya faɗi a zagaye na uku, an saye shi ne, karayar kuma ƙarya ce. Ya kwaikwayi rubutun allo mai kauri, harafi bayan harafi, a hankali. Da ya zo kan sunan, ya ja shi cikin numfashi ɗaya. Ya sa fassararta a intanet tare da hoton gefen takardar, ya ce za a yi gwanjonta a shagonsa.

Cikin kwana huɗu maganar ta isa gida. Kwamitin zauren ya dakatar da sa sunan. Aka rufe allon da aka riga aka rubuta da buhu. Jikokin Rufa'i suka fara jin ana kiran kakansu mai sayar da zagaye.

Ya 'yan uwa, me Rufa'i ya yi wa mutumin nan? Bai san shi ba. Ba su taɓa haɗuwa ba. Ya zaɓe shi ne kawai saboda yana cikin kabari ba zai iya magana ba.

Amma Allah ya riga ya kawo mai magana. Nana Khadija, babbar 'yar Rufa'i, mai shekara hamsin da tara, tana Abbasiya a wannan watan, ta rako mijinta aikin ido. A wayar ɗanta ta ji labarin. Ita ce ta yi shekaru tana gasa wa mahaifinta wuyan hannun nan da ruwan zafi duk lokacin sanyi. Amma ta san wannan ba hujja ba ce da kwamiti zai karɓa. Ta je wajen Malam Zainulabideen ta ce ya kai ta ta ga takardar da idonta. Ranar gwanjo suka hau jirgin ƙasa na metro tare.

Takardar tana cikin gilashi a kan tebur. Masu saye sun kewaye ta, cikinsu har da wani Bamisire mai suna Ustaz Munzir, wanda ya shekara goma yana saye a shagon. Nana Khadija ta sa tabarau, ta sunkuya, ta karanta tun daga bisimilla har ƙasa, leɓɓanta suna motsi. Da ta zo ƙarshe sai ta tsaya. Ta ɗago.

"Wane ne Ruƙa'i?"

Mai shagon ya yi murmushi. Ya ce ma'alish, a yi haƙuri, Hajiya, Rufa'i ne, ta goge tabaranta.

"A goge suke. Ubana Rufa'i ne. Wannan da ya sa hannu Ruƙa'i ne, ban san shi ba."

Ga abin da ta gani. A rubutun allo na ƙasarmu, wanda ake kira warash, harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun Masar ba haka ba ne: fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. A sa hannun nan ɗigon yana sama. Bamisire zai karanta Rufa'i. Duk wanda ya ɗauki allo a ƙasar Hausa zai karanta Ruƙa'i.

Malam Zainulabideen ya bayyana wa mutane wannan da Larabci. Mai shagon ya ce ba abin mamaki ba ne, ai Rufa'i ya zauna a Masar lokacin gasar, hannunsa ya ɗauki salon gari.

"Sati uku ya yi a Masar," in ji Nana Khadija. "Kai shekara nawa ka yi, ɗan nan?"



Dattijon ya sa yatsa a kan gilashin ya bi layi layi. Fa ta fito sau tara a jikin wasiƙar, duk ɗigonta a ƙasa. Ƙaf ta fito sau huɗu, duk ɗigo ɗaya a sama. Wato bisa ƙa'idar takardar kanta, sunan da ke ƙasa ba Rufa'i ba ne. Ya tambayi taron: wane mutum ne zai rubuta fa ta kowace kalma daidai, ya zo ya kuskure ta sunansa, wadda ya fi rubutawa tun yana yaro?

Nana Khadija ta buɗe jaka ta zaro wata 'yar takarda a naɗe cikin leda. Addu'a ce mahaifinta ya rubuta mata ranar da za ta tafi kwalejin horar da malamai. Shekara arba'in da ɗaya tana yawo da ita. Ta shimfiɗa ta kusa da gilashin. Sunan yana ƙasa, ɗigon yana ƙarƙashin fa.

Ustaz Munzir ya matso. Ya ɗauki takardar shaidar da mai shagon ya rubuta da hannunsa don wannan gwanjo, ya nemo inda ya ambaci sunan Rufa'i, ya jera ta da sa hannun. Kan harafin fa iri ɗaya ne. Ɗigon ma ɗaya ne, ya ɗan karkata hagu a duka biyun. Ya fito da wayarsa ya kira 'yan sanda.

Mutumin nan ya kula da kowane harafi da ya rubuta a hankali. Amma sunan da sauri ya ja shi, don kada ya yi rawa, kuma da sauri hannu ba ya tambayar kai, abin da ya saba yake yi. Shekara ashirin da shida hannunsa yana sa ɗigon a sama. Dabarar da ta ɓoye shi duk tsawon shekarun nan, ita ce ta tona shi.

Kafin la'asar an rufe shagon. Cikin sati biyu tsofaffin masu saye suka yi ta dawo da kaya. Gwanayen rubutu suka duba guda ɗari biyu da goma sha biyu, suka ce ɗari da tamanin da bakwai jabu ne, har da hoton nan na 'yan ƙwallo da aka fara da shi. Kotu ta ɗaure shi shekara uku. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gida.

A garin su Rufa'i kuwa, an yaye buhun. An buɗe zauren bayan ƙaramar Salla, Nana Khadija ce ta yanke ƙyalle. An rubuta sunan da boko, an rubuta da ajami a ƙasansa. Ta sa mai fentin ya ƙara wa ɗigon girma har ana hango shi daga bakin titi.

Ya 'yan uwa, darasin a fili yake. Hannun nan a makarantar allo aka horar da shi, don ya rubuta alheri. Mai shi ya mayar da shi marubucin ƙarya, ya rantse a kanta da sunan Allah, ya kuma ɗora ta a bakin wanda ya riga mu gidan gaskiya. Yana ganin mamaci ba shi da kowa. Ashe yana da 'ya, yana da 'yar takarda cikin leda, yana kuma da Ubangijin da ba ya mantuwa. Idan ɗigo ɗaya ya ishi a kama mutum a duniya, ina ga ranar da hannun da kansa zai yi magana?

Kada wani ya ce shi ba ya sayar da sa hannu. Sau nawa muke cewa wane ya ce, alhali bai ce ba? Sau nawa muke tura magana a waya da sunan malamin da ya rasu, ba mu bincika ba? Duk sa hannun jabu ne, alƙalamin ne ya bambanta.

Saura abu ɗaya. Da ake kwashe kayan shagon, an samu wani ƙaramin hoto a ƙasan aljihun tebur: Rufa'i yana matashi, da safar dambe, a bayansa an rubuta sunansa da ajami, ɗigon a ƙasa. Daga gidan yari mutumin ya aiko wa Malam Zainulabideen saƙo cewa wannan kam na gaske ne, ya saye shi tun zamanin da yake da gaskiya, ya manta da shi, a ba Hajiya. Ya rantse. An kai mata saƙon. Ta ce ta ji rantsuwarsa a da, sai gwanaye sun duba.

Allah ya kiyaye mu da ranar da za mu faɗi gaskiya a rasa mai yarda. Allah ya tsare hannuwanmu da harsunanmu daga ƙazafi ga rayayye da mamaci, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.

Gwanaye biyu sun duba hoton. Ɗaya ya ce na gaske ne, ɗaya ya ce ba zai sa hannu a kan haka ba. Har ranar da aka rubuta wannan, hoton yana ajiye a ambulan, ba a ba kowa ba.