Kujerar Hansai a Bayan Keke

Akwai wani manomi a Gafasa mai suna Tukur. A shekarar da gyaɗa ta yi masa albarka ya je Kano ya sayo keke sabo fil. Ya naɗe ƙarfensa da leda ja da koriya, ya sa masa madubi biyu. Kullum sai ya goge shi tas kafin ya sha koko, kuma ko ƙaninsa ba ya ba wa aro.

Bayan 'yan shekaru, a farkon shekarun 1970, damina ta fara gardama. Rumbu ya yi ƙasa, jiki ya gaji. A cikin wannan hali ne zazzaɓi ya kwantar da 'yarsa Hansai mai shekara huɗu. Da ta tashi, ƙafar hagu ta ƙi tashi da ita. Shan inna ne.

Ma'aikacin ɗakin shan magani na Ajingi ya ce a riƙa kawo ta sau biyu a mako, ana gasa ƙafar ana motsa ta. Da farko mahaifiyarta Kubura ce ke goya ta a ƙasa, ga ta da tsohon ciki. Ranar da ta dawo ta zube a bakin ƙofa ta kasa ko kwance majanyi, sai ta ce, "Malam, ni kam na kai ƙarshe. Ga keke nan a jingine."

Tukur ya gwada ɗora yarinyar a kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke, ya ce ta riƙe rigarsa. Kafin su fita gari ta zame sau biyu. Dole ya juya ya nufi maƙerar Maiwada, wani tsoho abokin marigayi mahaifinsa.

Maiwada bai yi gaggawa ba. Ya zaunar da Hansai a kan turmi, ya auna faɗin ƙugunta da tsawon ƙafarta da igiya. Ya girgiza kariyar da hannu, ya ce notinta biyu sun saki.

"Zan yi mata kujera mai majingini, da ɗamarar da za ta riƙe ta," in ji shi. "Sai matakin ƙafa hagu da dama. Sannan langa-langa biyu da za su rufe tayar baya. Amma sai na huda ƙarfen nan, kuma ledar nan taka sai ta fita."

Tukur ya ɓata rai. "Kawu, keke fa na kawo maka, ba amalanke ba."

"Tukur, ƙafar yaro ba ta da hankali. Idan barci ya ɗauke shi, inda ta ga dama take zuwa."

"Ai ina tare da ita. A yi kujerar da ɗamara kawai, a ɗaure a kariya. Kada a huda mini komai."

 Tsohon ya sake faɗa masa sau ɗaya, Tukur ya kau da kai. Bayan kwana biyu aka ɗaura kujera kyakkyawa, ƙafafun yarinya suna lilo a gefen taya.

Mako shida suna zuwa suna dawowa lafiya. Kowace tafiya sai ya ce, "Hansai, buɗe ƙafafunki, kada ki taɓa taya." Ita kuwa sai ta ce to. Har ya fara ce wa Kubura tsofaffi sun cika tsoro.

Wata rana da bazara suka daɗe a layi a ɗakin shan magani, ba su fito ba sai da rana ta take. Kafin su taho, tun asuba Tukur ya sha jan ruwa a rijiyar da ta kusa ƙafewa, kuma babu abin da ya sa a cikinsa. Hanya duk rairayi. Cinyoyinsa suna zafi, idonsa yana rufewa da kansa. Bai lura cewa surutun Hansai ya ɗauke ba.

Sai ya ji keken ya yi nauyi. Ya ɗauka rairayi ne ya riƙe taya, don haka ya miƙe tsaye ya danna feda da duk ƙarfinsa.

Ƙarar da yarinyar ta yi ba ta taɓa barin kunnensa ba.

Barci ne ya ɗauke ta, ƙafa ta faɗa cikin siraran ƙarafan taya. Kuma ba ta hagu ba ce. Ta dama ce, mai lafiyar, wadda take dogara da ita.

Bai san lokacin da ya kwance ɗamarar ba. Ya yage hannun rigarsa ya ɗaure diddigen, ya rungume ta ya juya Ajingi da gudu. Keken ya bar shi kwance a hanya, tayar tana juyawa.

Aka yi ɗinki. Ma'aikacin ya wanke hannu ya ce, "Malam, ka gode wa Allah. Saura kaɗan agarar ta tsinke. Da ta tsinke, da ƙafa biyu ka rasa mata."

Tukur ya zauna a benci, yarinyar a cinyarsa. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Can ta ɗago kai ta dube shi.

"Baba," ta ce a hankali, "ban lalata maka keken ba ko?"

 Yarinya mai shekara huɗu, jini bai bushe a ƙafarta ba, ta riga ta san abin da ya fi daraja a gidansu. Ya kifa fuskarsa a kanta, yana kuka, mutane suna wucewa suna kallo.

Wani mai jaki ne ya tsinci keken ya kai gida. Da Tukur ya iso da yarinyar, Kubura ta tarbe su a bakin ƙofa. Ta karɓi 'yarta ta shige ɗaki. 

Washegari da safe ya tura keken zuwa maƙera. Labari ya riga shi isa. Maiwada yana zaune yana hura wuta, bai ce "ai na faɗa maka" ba.

"Yaya jikin yarinyar?"

"Da sauƙi, Kawu."

"Allah ya ƙara sauƙi. Kawo shi nan."

Tukur ya ari wuƙa, da hannunsa ya yanke ledar ja da koriya, ya tara ta a gefe. Shi ya riƙe keken lokacin da tsohon yake huda ƙarfen. Aka ɗaura mataki biyu, aka rufe tayar da langa-langa har da tsatsarsa. Maiwada ya goge bakin ƙarfen da dutse don kada ya yanki fata, sannan ya zura hannunsa ta kowane gefe ya ga ko yatsa ba zai shiga ba.

Wata biyu Hansai ba ta taka ƙasa ba. Ranar da aka sake ɗora ta a kujerar, sai ta ƙanƙame wuyan mahaifinta ta ƙi saki. Tukur bai hau ba. Haka ya tura keken da ƙafa daga Gafasa har Ajingi, yana tafe yana yi mata hira. Sai a tafiya ta huɗu ita da kanta ta ce, "Baba, ka hau. Ka gaji."

Darasi: Abin da kuɗi ya saya ana gyara shi, amma ba maƙerin da ke ƙera ƙafa. Idan wanda ya san aiki ya gargaɗe ka, ajiye girman kai ka saurara, tun kafin ɗanka ya biya kuɗin taurin kanka da jikinsa. Ku tura wa duk mai ɗaukar yaro a bayan keke ko babur, wataƙila ku ceci ƙafar wani.