Ranar da Kuraye Suka Ajiye Haƙora

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!
Ta zo mu ji ta, mun matso.

Shekara bakwai kuraye na kwashe 'ya'yan awaki, har aka gaji aka kira zaman sulhu. Aka ce kuraye su ajiye haƙora, awaki su yanke ƙaho.

Ranar taro Kura ta dire ƙwarya cike da haƙora, bakinta gum. Bunsuru sarkin gaggawa har ya miƙa kai a yanke.

Tsohuwar Akuya ta leƙa ƙwaryar, ta ga haƙoran duk sun ruɓe, na kakanni ne. Ta ce, "Kura, da waɗannan kika cinye min 'ya'ya uku?"

Kura ta gyaɗa kai: "Uhm."

"Sannu, baiwar Allah. Bari in yi miki rawar sulhu."

Akuya ta taka, ta juya, ta faɗi da gangan, ƙafafu sama. Kura ta daure, ta daure, sai ta fashe da dariya. Ga haƙora reras, farare tas!

Akuya ta miƙe tana kakkaɓe jiki. Ta ce, "Bunsuru, janye kanka. Ƙahon nan bai gama aiki ba."

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare da ƙahonta.