Buhun Gawayi a Magudanar Tafkin Nomau

Dalilin da ya sa kullum kuke ganin buhun gawayi kwance a magudanar tafkin lambu, yara, shi ne abin da ya fara ranar Laraba, sha shida ga watan Afrilu, 1958, da ƙarfe tara da kwata na safe.

Kafin ranar, ruwan tafkin garau yake. A ranar ne ruwan farko ya sauka, ya kwashe 'ya'yan bagaruwar da suka zube a gangare, ya tura su cikin tafki. Babu wanda ya lura. Bayan kwana biyu ruwa ya yi ja kamar shayi, ga bauri.

Nomau, mai unguwa kuma mai lambun, ya ɗanɗana ya tofar. Nan take ya sa aka kira Korau majemi.

"Wannan ruwan jima ne. Wa ke jiƙa fata da bagaruwa in ba kai ba?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa wanke fata a nan ba."

"Kwana bakwai. In bai washe ba, ka bar mana gari."

A garin aka binne matar Korau, ba ya son ya bar kabarinta. Ya tace ruwan da zane, ya tace da rairayi, ja yana nan. Ran kwana na shida ya ɗaure kayansa.

A hanya ya tarar da Tasalla, tsohuwa mai sayar da gawayi, tana fama da buhu.

"Kawo, Iya," in ji shi.

"Kai da ake kora? To ɗauka, amma kada ka shafa mini warin fata."

Wajen tsallaka magudanar, santsi ya kwashe shi, buhu ya faɗa ruwa ya toshe hanya.

"Ka gama da tafki, yanzu ka dawo kaina!" in ji Tasalla. Sai ta dubi ruwan. "Korau, dubi ƙasa."

Jan ruwa yana shiga buhun, yana fita da haske. Korau ya sa hannu zai ɗiba, ya ji abu a laka. Ya ciro, 'ya'yan bagaruwa ne, sun jiƙe sun yi baƙi.

Gari ya fito. Aka tsame bagaruwar kwando goma sha ɗaya, aka daka gawayi, aka yi ta ɗibar ruwa ana bi da shi ta buhu ana mayarwa. Da ruwa ya washe, Nomau ya cire hula a gaban jama'a ya ce, "Na zalunce ka." Korau ya kwance kayansa, ya je ya durƙusa a ƙofar Tasalla.

Shi ya sa har yau jikokin Korau ne ke sauya buhun, kuma a gidan Tasalla kaɗai suke ɗaukarsa. Cikin waɗanda suka tsaya a bakin ruwa ranar, ga waɗanda suka rage: Lantana 'yar Korau, wadda ta makance; bishiyar bagaruwar, da aka hana sarewa; da tsohon da ke ba ku labari. Allah ya jiƙan Tasalla.