Hantar Barau

Ga wata nan gare ku, wanda kuma ya zo neman dariya ya tashi tun yanzu.

Gaje, matar Barau mai fataucin shanu, ita ta fara lura idon mijinta ya koma ruwan ɗorawa. Fitsari kamar shayi, ƙaiƙayi har sai ya sosa jini ya fito, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da ke naɗe shi kamar tabarma. Duk wanda ya leƙo sai ya ce shawara ce. Kun dai san mutanenmu da kafiya: wai mai shawara in allura ta shiga jikinsa, sai gawa. Gaje ma a kan haka ta tashi. 'Ya'yanta uku ne, Nomau da Ilu da autarsu Tabawa.

Nomau, babban, ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, ya tare a ɗakin uban. Shi ke ɗaga shi, shi ke wanke shi, shi ke ɗura masa kunu da cokali sa'ad da tsohon ya datse haƙora ya ƙi komai. Ba don shi ba, da yunwa ta gama da Barau kafin damina ta fita. Amma shi ɗin ne ya tare ƙofar zaure da sanda ranar da malamin asibitin ƙauye ya zo da jakarsa. "Ka taɓa Baba da allura, wallahi in karya hannun!" Aka yi ta jiƙa saiwar rawaya, ciwo yana ta ci.

Ilu direba ne. Ya dawo daga Kudu ya tarar da uban ƙashi da fata. "Yaya, jinya kake ko gadin kabari?" Ya bari Nomau ya tafi Juma'a, ya saɓi tsohon ya sa a mota, Gaje na bin su da ihu ko mayafi babu. A birni hoto ya nuna tsakuwa ta cika matsarmama, ɗaya ta toshe hanyar da ruwan ɗacin ke bi, kuma da an ƙara jinkiri da matsarmamar ta fashe a ciki. Sai dai Ilu bai iya jira ba. Da ya ga layin babban asibiti, ya juya kan mota zuwa wani ɗan asibiti a bayan tasha, inda ake yanka mutum nan take kamar ragon suna. An cire matsarmamar, amma wuƙa ta zarce ta datse hanyar. Ruwan ɗaci ya riƙa tsiyaya a ciki, cikin ya kumbura kamar ganga.

Tabawa ce ta mayar da shi babban asibiti. Ta zauna a gaban motar babban likitan hanta, ta ce sai dai ya bi ta kanta. Ya fito ya duba Barau. Jininta aka ɗiba don a ƙara masa har ta suma, aka sake buɗe tsohon aka haɗa hanyar, ya tashi. Amma da suka koma gida ta ga idon bai washe da wuri ba, sai ta saurari wani mai magani da ke ihu da lasifika a kasuwa, ta sayo jiƙo a jarka, tana ba shi a ɓoye. Hantar da ta riga ta jigata, jiƙon nan ya ƙarasa ta.

Dangi suka tattaru aka kai shi ƙasar waje. Barau bai ƙara gane kowa ba, sai kiran shanun da ya sayar tun tuni. Likita ya ce wa Gaje ta bakin tafinta hantar ta mutu, sai dai a yanko ɓangare daga jikin mai rai a dasa masa. Wanda aka yanka zai iya rasa ransa, tsohon kuma ba lallai jikinsa ya karɓa ba.

"Ga ni, ku ɗiba," in ji Gaje. Aka ce ta tsufa. Aka gwada 'ya'yan, duk ukun suka dace.

"Ni na hana allura, ni za a yanka," in ji Nomau.

"Kai Yaya, ko a nan ma sai ka tare ƙofa? Ni na kai shi mahauta!" in ji Ilu.

"Ku rufe mana baki," in ji Tabawa tana kuka. "Ya warke fa. Ni na ɗura masa guba da hannuna. Inna, ke za ki faɗa."

Gaje ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Nomau ɗan fari ne, saboda kunya ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Yau ne za ta fara nuna shi, don a tsaga shi? In kuma ta tsallake shi, a ce ta yi son kai. Ilu ne ke ciyar da gidan gaba ɗaya, ga matarsa da tsohon ciki. Tabawa mijinta ya rasu, marayunta ba su da kowa sai ita. In ta yi shiru kuwa, Barau ya tafi tana kallo. Likita yana tsaye da tafintansa.

To, ku da kuke ta kaɗa kai, kowannensu ya raya tsohon nan, kowannensu ya kashe shi. Wa Gaje za ta nuna a cikinsu?